Taken Barmo na Jiratawa

Jikana Sani da abokansa sukan zauna a zaurena, nan unguwar Zariya ta Maraɗi, in sun taso daga lakwal, wato makarantar boko. Ba hirata ke kawo su ba, inuwar ce ta fi ta gidajensu sanyi. Kwanan baya na ji suna bitar abin da mushensu, wato malaminsu, ya koya musu a kan waƙa. Wannan ya ce kamance, wancan ya ce amsa-amo, wani ya ce kambamawa. Na tambayi Sani mece ce kambamawa.

"Tsoho, ai wagga ba ta da wuya," in ji shi. "Ka hwaɗi abu shi hi yadda yake, shi ke nan."

Abokinsa ya ce in dai haka ne shi ma gobe zai nemi ganga, tunda ƙara gishiri ba ya bukatar karatu. Suka yi ta dariya. Na ƙyale su suka gama, sannan na ce su rufe littattafan su saurara. Abin da mushe ke kira kambamawa mu zuga muke ce masa, kuma da shi na ci abinci tun ina saurayi har hannuna ya fara rawa. Sunana Illo, ni makaɗin noma ne, kuma a gaban idona zuga ta ɗauke wa wani dattijo rumbunsa na ƙarshe.

Aikin farko da maigidana Gado ya ba ni a Tibiri, ranar da mahaifina ya kai ni wurinsa, fatar akuya ce da gashinta. Ya jefo mini ita, ya nuna mini toka da tukunyar ruwa, ya tafi abinsa. Za ka jiƙa ta har gashin ya saki, ka kankare da wuƙa marar kaifi, in ka huda ta ko da wurin allura ne ka ɓata akuya guda. Sai a ɗora ta a kan kangon alilliba, a ɗinke, a ja igiya gefe da gefe har ta zauna daidai, a gitta tsarkiya a fuskarta, wadda ke ba ganga wannan zirin amo da ke shiga ƙashi. Na daɗe ina warin fata, 'yan mata na toshe hanci in na wuce, kafin Gado ya bari in riƙe gula, wato lanƙwasasshen sandan da ake kiɗa da shi.

Abin da ya fi nanata mini shi ne tsakanin fata da rana. Da safe in raɓa ta sauka ganga dushewa take yi, ka buga ka ji kamar kana dukan buhun dusa. Sai ka jingine ta tana kallon gabas, rana ta ja fatar, sannan murya ta fito. Shi ya sa gangar noma ta fi daɗi da tsakar rana, daidai lokacin da ƙugun manomi ya fara ciwo idonsa na neman inuwa. Ku riƙe wannan, za ku ga amfaninsa a gaba.

Daga fata sai amshi. Kowace waƙa tana da gindi, wato ɗan layin da 'yan amshi ke riƙewa suna maimaitawa, shi kuma jagora yana jefo ɗiyan waƙa a kai, ɗa bayan ɗa. Kuna jin haka kun ce ai maimaitawa ko aku ya iya. To Gado yakan ja ɗan waƙa da gangan, ya yi kamar ya kai ƙarshe, in ka yi saurin shigowa sai ka ji gula a tsakar ka. In ka makara ma haka. Kuma kalmomin dole su faɗi tare da saran hauya. Mutane ne a jere cikin gona, kowa da kunyarsa, ƙarfe na sauka lokaci guda. Ka sa kalma mai tsawo inda gajera ta dace, sahu ya karye, wani ya sari ƙafar wani. Amsa-amon nan da mushe ke so bai dame mu ba sosai, ganga ce ke rufe mana layi. Amma faɗuwar kalma a kan sara, wannan ba a yi mana rangwame a kai ba ko sau ɗaya.

Wata gayya a gonar wani mai rini, can bayan Tibiri, ita ta koya mini kamance. Akwai wani abokin koyona mai zaƙin murya da rashin dubawa. Gado ya ba shi dama ya jefa ɗa guda, sai ya zaɓi wani gajeren mutum mai ƙwazo, ya ce da shi rimi mai ganin nesa. Gona ta fashe da dariya. Mutumin ya saɓa hauyarsa ya tafi gida, bai ko sha fura ba, kuma har ya mutu Rimi ake kiransa. Gado ya ce mana a hanya, kamance ba neman abu mai girma ba ne, neman abin da ya yi kama da mutum ne. Da ya ce masa kututturen gawo wanda garma ke tsoro, da ya tafi da akuya. Yabon da bai zauna a jikin mai shi ba zagi ne, kuma ya fi zagin da aka yi da niyya ciwo.

Zagin niyya ma muna da shi iri biyu. Habaici ba ya kama suna. Ka ce akwai wani mai gayya da furarsa ake ganin ƙasan ƙwarya tun ba a sha ba, kowa ya san shi, shi kuma ba ya da bakin kai ƙara. Zambo kuwa yana nuna mutum da yatsa, ya taɓa hancinsa ko tafiyarsa. Gado ba ya son zambo. Yakan ce manomin da ka kunyata bana, baɗi a gonarsa za ka nemi dami.

Amma uwar sana'ar duka ita ce take. Take kiɗa ne gajere da ganga ke faɗin magana da shi, kowane gidan noma da nasa, uba ya bar wa ɗa. Makaɗi yana bin sahu yana kaɗa wa kowa nasa. In mutum ya ji takensa sai ya ɗaga hauya sama ya yi jinjina, ya yi kirari, ya koma kan kunya kamar yanzu ya fara. Wannan shi ne amsa take. Kuma akwai ka'ida a kwarin gulbin nan: abin da aka faɗa a kanka da ganga, ka amsa a gaban jama'a, ya zama naka. In wata rana ka tsaya gaban ganga ka ce ƙarya ne, makaɗa su kwance maka take. Ba za a sake kaɗa shi ba, ba kai ba, ba ɗiyanka ba. Ni dai ban taɓa ganin an kwance wa kowa ba, don ban taɓa ganin wanda ya yarda ya kai kansa nan ba.

Barmo na Jiratawa yana cikin Annan kwari, wato masu bin addinin gargajiya, masu yanka wa gonarsu jan zakara kafin shuka. Dogo ne, marar magana, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Taken gidansu tun daga ubansa Jatau yake, ganga na cewa: gidan Jatau, ƙasa na kira. Shekarar da ya yi dubu, Gado ya riga ya tsufa ya miƙa mini babbar ganga, don haka ni aka kira. Ku 'yan birni ba ku san dubu ba. In manomi ya tara dami dubu a kaka ɗaya, sai ya jera su a fili ya kira duniya. A yi ta ci ana sha ana kiɗa, sannan ya raba: na sarki, na maƙera, na makaɗa, na gwauraye da tsofaffi, na duk wanda ya tako. Ana tashi ana ce masa Sarkin Noma. Wanda ya yi dubu ba arziki yake tarawa ba, zazzage kansa yake yi, suna kawai ke saura a hannunsa.

Don wannan rana na yi masa waƙa, na gina ta a kan taken gidansu, yadda ba za a iya kaɗa ɗaya ba tare da ɗaya ba. Gindinta:

Hatsi na wurin Barmo, yunwa bi wata hanya.

Daga cikin ɗiyanta akwai waɗannan:

Na Tani, rumbunanka sun tare wa Jiratawa rana.
Ka buɗe guda, Tibiri ta kwan da ƙoshi,
Ka buɗe biyu, Maraɗi ta aika a kira baƙi.
Tsuntsun da ya ce sai ya ga ƙarshen gonarka, a hanya ya tsufa.

Ba wanda ya je ya duba ko rana ta daina fitowa a Jiratawa. Kowa ya san zuga ba awo ba ce. Ba abin da ke cikin rumbu take faɗi ba, abin da ake son mutum ya ɗauka a kafaɗarsa take faɗi, don gobe in hauya ta yi nauyi ya tuna yadda aka kira shi. Barmo ya ɗaga garma ya amsa, ya cire rigar da ke jikinsa ya yafa mini. Waƙar ta shiga gari, mata na daka da ita. Ban taɓa yin wadda ta fi ta ba, kuma har yau ban ga inda na karkace a cikinta ba.

A lokacin Maraɗi na can ƙasa cikin kwari, ruwa bai ci tsohon gari an hau tudu ba tukuna. Nasara na da wani biki nasu da suke yi cikin damina, a tara makaɗa a bariki. An kawo sabon kumandan, saurayi siriri mai son kiɗa. Da na yi waƙar Barmo ya sa tafinta ya juya masa ita layi layi. Tafintan mutumin kirki ne, ɗan ƙasar nan, ya juya yana murmushi. Kumandan ya yi dariya a wurin tsuntsun da ya tsufa, ya tambayi inda mai rumbunan yake, aka ce Jiratawa. Na koma gida ina jin kaina, wai har Nasara ya san aikina.

Sai muguwar shekara ta zo. Ana yaƙi a ƙasar Nasara, bariki na neman hatsi daga kowane gari. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai fid da kai ba, abin da ya tsira a fadama fara ta sauka ta gama da shi. Gayya ta mutu, don ba wanda ke da furar ba mutane. Na rataye ganga na koma saran itace ina kai wa birni. 'Yan amshina suka watse, ɗaya ma aka kama shi aikin hanya. A shekarar na san cewa makaɗin noma ba ya da komai nasa, cikin wani yake jira ya cika kafin nasa.

Da rani ya tsaya, tafinta ya aiko a kira ni. Na same shi a bayan bariki, ya ja ni gefe. Ya ce dogaran bariki sun je Jiratawa karɓar hatsi, sun leƙa rumbunan Barmo sun tarar da su wayam, sai rufewa guda, wato rumbun laka, a liƙe. A ciki iri yake, da abin da gidan zai lallaɓa da shi har ruwa ya sauka. Kumandan ya tuna waƙata. Ba wai ya yarda rumbu na tare rana ba ne, ba wawa ba ne. Lissafinsa shi ne, in an rage ƙarin mawaƙi, abin da ya saura ma ya isa ya nuna mutumin ya binne hatsi a ƙasa.

"Jibi za shi Jiratawa da kainai," in ji tafinta, "kuma ya ce ka taho da ganga. Illo, ka ji abin da za ku yi. Barmo shi ce maganar mawaƙa ce, ba gaskiya ba. In ya hwaɗi haka gaban mutane, a aza mai kaso awa na kowa, ruhewa ta tsira. In ya ƙi, a ce ya ɓoye, a kwashe ta dut."

Washegari da la'asar na isa Jiratawa. Na tarar da Barmo a ƙofar gida yana gyara ƙotar hauya, babban ɗansa Nomau na gefe. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gaishe shi, na faɗa masa yadda muka yi da tafinta. Ya dakata da gyaran ƙotar.

"Gaban ganga za ni hwaɗin haka?" ya tambaya.

"Sarkin Noma, ni ad da gangar," na ce. "Ba ni kwance ma take. Ba makaɗin da za shi riƙe ka da wagga magana cikin shekara irin wagga."

"Kai ba ka kwancewa. Kunnuwan mutane hwa?"

Nomau ya ce, "Baba, kunnuwan mutane ba su shuka muna gona. Dubi ɗiyan ga."

Jikokinsa na zaune gindin danga suna tsotsar ƙwallon goruba. Barmo ya dube su, ya dubi rufewar, ya ci gaba da fiƙe ƙotar.

"Na ji," ya ce. "Ni hwaɗi."

Na yarda da shi, don ba mai magana biyu ba ne. Abin da ban yarda da shi ba ita ce gangata. Na san abin da take yi wa mutum. Don haka da gari ya waye na ɗebi ruwa na shafe fatar fuska biyu, na sake shafawa, har na buga na ji buhun dusar nan. Na ce to, yau ko an tilasta ni in kaɗa, abin da zai fito ba zai tada ko kaza ba.

Aka tara mu a filin gari tun hantsi, maza a gaba, mata a bayan danga. Dogarai suka ce kowa ya zauna inda yake, kumandan na tafe. Filin ba itace ko ɗaya. Muka zauna. Hantsi ya wuce, inuwar mutum ta dawo ƙarƙashinsa, ba kumandan. Na cire rigata na lulluɓe gangar. Na roƙi wani dogari ya bar ni in je rijiya, ya nuna mini bulala. Ina sa yatsa ƙarƙashin riga ina taɓa fatar, ina jin tana ja, tana ja. Ranar rani ce ta kwarin gulbi, wadda ke busar da wanki kafin ka juya baya. Lokacin da dokin kumandan ya shigo fili, fatar ta yi tauri yadda ban taɓa samunta ba ko a gayyar da na fi shiryawa.

Ni ya fara tambaya, ta bakin tafinta, ko abin da na rera gaskiya ne. Na ce zuga ce, haka ake yi wa kowane manomi, kuma hatsin da aka yi waƙar a kansa an rabe shi tun ranar dubu. Tafinta ya juya, ya ma fi ni tsawaitawa. Kumandan ya gyaɗa kai. Na ga alamar yana son a gama ya bar ranar nan. Sai ya kawo abin da shi a ganinsa adalci ne. Ya ce in kaɗa waƙar, in rera layi layi, bayan kowane layi tsohon ya ce gaskiya ne ko ƙarya. In ya ƙaryata duka, magana ta ƙare.

Na rataya ganga. Barmo na zaune a ƙasa, kansa a sunkuye, Nomau a bayansa. Na sauke gula a hankali yadda zan iya, kamar mai taɓa ƙwai. Amma waƙar a kan take na gina ta, ba ta da wata ƙofar shiga, kuma fatar ta sha rana. Ganga ta buɗe baki tas, tsarkiya na ziri, har bangon gari ya maido: gidan Jatau, ƙasa na kira.

Na ga kafaɗarsa ta motsa. Na yi sauri in wuce taken in kai ga layin farko, don a tambaye shi ya ce ƙarya. Kafin in kai, kiɗan ya zagayo kansa, kamar yadda yake zagayowa. Hannun Barmo ya tashi sama. Ba hauya a ciki, dunƙulen hannu ne kawai. Ban ce ya yi niyya ba. Tun yana yaro a bayan ubansa hannun nan ke tashi in ya ji wannan kiɗa, bai san wata amsa ba. Nomau ya riƙe masa riga yana cewa, "Baba, Baba." Ya miƙe tsaye, rigar ta yage a hannun ɗan.

"Ni na na Tani, ɗan Jatau!" ya ce, da muryar da ban zaci ta saura a jikinsa ba. "Ni ka noma, gari ka ci! Wanda yaz zo gidana da yunwa bai koma da ita ba!"

Na tsai da gula, amma aikin ya riga ya gama. Mutanen Jiratawa, da cikinsu a manne da baya, suka ɗauki gindin waƙar da kansu, hatsi na wurin Barmo, yunwa bi wata hanya. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga bayan danga. Tafinta ya buɗe baki zai yi bayani, kumandan ya ɗaga masa hannu. Wannan ba ya bukatar a juya masa, ya ga mutum ya tashi ya amsa, ya ga gari ya shaida.

Da dogarai suka nufi rufewar da gatari, Barmo ya tare su. Ya ce ba a ƙwace wa Sarkin Noma, shi ke bayarwa. Ya sa aka kawo masa tsani, ya hau, ya fasa liƙin da hauyarsa, ya riƙa miƙo hatsin da hannunsa har ya ƙare. Aka ɗora wa jakuna aka nufi Maraɗi. Suka haƙa tsakar gidansa da bayan gida suna neman sauran, ba su sami ko zangarniya ba. Kumandan ya hau dokinsa ransa a ɓace, ina jin har ya bar ƙasar nan yana ganin an yi masa wayo. Ni kuwa na tsaya a fili da ganga a kafaɗa, baƙin ciki ya cika ni, ba wanda zan kama da laifi. Na yi waƙar daidai, na ɗaure fatar daidai, tsohon ya amsa daidai.

Kafin ruwa ya sauka Nomau da ƙannensa suka kwashi mata da yara suka ƙetara wajen Katsina, inda aka ce ana samun aiki da abinci. Sun yi sun yi da tsohon ya bi su, ya ce ba ya barin ƙasar Jatau. Nomau bai yi mini sallama ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Gayyar farko da aka yi bayan yunwar, a gonar wani mai jakuna ce kusa da gulbi, wanda ya samo iri daga kudu. Na tattaro 'yan amshi biyu muka je. Ina bin sahu ina kaɗa wa kowa takensa, sai na hango Barmo a can ƙarshen layi, inda ake sa tsofaffi da waɗanda suka zo don furar rana. Gonarsa na kwance ba shuka. Mutumin da gari ke zuwa gayyarsa, ga shi yana noma kunyar wani. Na kaɗa wa na kusa da shi, na juya zan koma farkon sahu, ina kallon ƙasa.

"Illo," ya ce. "Ka tsallake ni."

Na ce, "Sarkin Noma, na ga kamar..."

"An kwance shi ne?"

"A'a."

"To kaɗa. Shi ɗai anka bar mani."

Na kaɗa. Rana ta take, fatar ta ja, ganga ta faɗi maganarta. Ya ɗaga hauya sama ya yi jinjina, bai yi kirari ba. Na jefa ɗan waƙa na jira amshi, 'yan amshina suka dubi juna, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce hatsi na wurin Barmo. Gona ta yi tsit, sai ganga da saran ƙarfe. Ya sunkuya ya kama kunyarsa, ya kai ta har ƙarshe, shi ne na bayan kowa. Bai ga kaka biyu bayan wannan ba. Ɗiyansa ba su dawo sun karɓi taken ba, ban kuma san inda jikokinsa suke ba.

Da na kai nan abokin Sani, mai neman ganga gobe, ya daina wasa da littafinsa. Sani ya dubi gangar da ke rataye a bangon zaure, fatar ta tsage tun bara ban sake ta ba.

"Tsoho, in an gyara ta, ka kaɗa muna taken mu ji?"

Na ce ba a kaɗa take in babu mai amsawa. Na ce su tashi su je su ƙarasa bitarsu, in mushe ya tambaye su kambamawa su ba shi amsar da ke cikin littafi, ita ma daidai ce. Suka tattara kayansu suka fita. Sai da zauren ya zama ni kaɗai na lura yatsuna na bugunsa a kan gwiwata, ban san tun yaushe suka fara ba.